Tani da Rariya a Kan Juji

Ranar da Alhaji Lawal ya ce an yi wa na'urarsa sata, ina tsakar gida ina yi wa ɗiyata Aishatu wanka a daro. Daminar 1988 ce, gero ya fara fitar da kai. Tun daga zaure na jiyo muryarsa, irin wadda in ta tashi kowace mace a gidanmu na Dutsin-Ma sai ta nemi abin da za ta riƙe a hannu.

"Ina Tani? A kira mani Tani!"

Alhaji wan mijina ne, shi ne babba a gidan. Tani kuwa matar ƙaninsu Ummaru ce, wanda ya rasu a hatsarin mota shekara biyu kafin nan. Da ta fita takaba ba ta koma Rawayau wajen iyayenta ba, don an gaya mata in za ta tafi sai ta bar ɗiyarta Adama. Sai ta zauna. Ita ke daka, ita ke wanke-wanke, ita ke sharar ɗakin da ke jikin zaure, inda Alhaji ya ajiye kwamfutar da ya sayo a Kano don buga takardun kwangila.

Abin da ya faru, wani abokin Alhaji ne ya zo daga Katsina, aka shigar da shi ya ga na'ura. Ya tambayi girman ƙwaƙwalwarta, Alhaji ya nuna masa kwalin da ta zo ciki, an rubuta 1024. Tomas, akawun da ke buga takardun, ya kunna ta. Lambobi suka yi ta gudu a gilashi, suka je 640 suka tsaya cak. Baƙon ya kwashe da dariya.

"Alhaji, an yi maka irin ta masu gyaran rediyo. An buɗe ciki an kwashe."

Baƙo na tafiya, aka kira Tani. Ta zo da kumfar sabulu a hannu, ta durƙusa a bakin ƙofar zaure. Na ɗauki Aishatu a jiƙe na matsa kusa.

"Ɗari uku da tamanin da huɗu," in ji Alhaji. "Na cire wannan daga wancan, abin da ya ɓata ke nan. Ina suke?"

"Alhaji, mi ne ne?"

"Ƙwaƙwalwar na'urata! Tomas ba ya shiga sai ina nan. Ke kaɗai ke shiga ɗakin nan ba idon kowa."

"Wallahi Alhaji ban san ta inda ake buɗe ta ba." Sai na ga ta ɗago kai kamar ta tuna wani abu. Na so in toshe mata baki, ban yi sauri ba. "Sai dai ran nan, da na ja tebur in share ƙarƙashinsa, wani ɗan ƙarfe ya faɗo, bai fi ƙwayar masara ba. Na haɗa shi cikin shara."

Alhaji ya juya ya dubi mahaifiyarsu, Hajiya, wadda ta fito tana riƙe da carbi.

"Kin ji ko, Hajiya? Ɗaya ta tuna. Sauran fa?"

Ya ba ta kwana bakwai, Juma'a zuwa Juma'a. In ba ta fito da su ba, zai tara malamai a ja Yasin a kan wanda ya ɗauka, sannan ta tattara ta koma ƙauyensu. Adama kuwa ɗiyar ƙaninsa ce, ba inda za ta.

Washegari da sassafe na ga Tani ta ɗauki rariyar tankaɗe ta nufi bayan gida. Jujin gidanmu ya kai ƙugun mutum, ruwan sama ya jiƙa shi ya zama laka mai wari. Ta ɗaura zane a ƙirji, ta riƙa ɗiba da hannu tana zubawa a rariya, tana murzawa kamar mai wankin tsakin kunu. Duk abin da ya yi ƙara ko ya yi ƙyalli sai ta jefa a wani ɗan kwano.

Na ce, "Tani, kin ma san kamannin abin da kike nema?"

"Ban sani ba, Rekiya. Amma in guda ɗari uku ne da wani abu, dole ƙanana ne. Ƙila kullum ina share kaɗan-kaɗan ban lura ba."

Da la'asar ta wanke hannu ta kai wa Tomas kwanon a bakin ƙofa. Marfin kwalba, guntun batir, ƙusa mai tsatsa, maɓallin riga, haƙorin sarƙar keke. Ya duba ɗaya bayan ɗaya, bai yarda ya haɗa ido da ita ba.

"Ba su ba ne, Maman Adama."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Ki yi haƙuri."

Haka aka yi ran Lahadi, haka ran Litinin. Ba a ɗauke mata ko aiki ɗaya ba. Ta gama daka ta koma juji, ta gama wanke-wanke ta koma juji. Adama, 'yar shekara uku, ta samo wani yagaggen faifai ta zauna kusa da uwarta tana tankaɗe ƙasa, tana kawo mata tsakuwa tana cewa, "Inna, na samu."

Na yi wa mijina magana yana shirin fita.

"Malam, yarinyar nan ko rediyo ba ta iya canza wa batir. Yaya za ta buɗe wannan abu?"

"Rekiya, kada ki sa baki. Maganar Yaya ce."

"To kai ka yarda ta ɗauka?"

"Ban ce ta ɗauka ba. Amma abu ya ɓata, kuma an yi wa Yaya dariya a gaban akawunsa. Ki bari ya huce."

Na je wajen Hajiya, na durƙusa na gaishe ta, na kawo maganar a hankali. Ta ce, "Ai rufin asiri aka yi mata. Wani gidan da tuni tana wajen 'yan sanda. An doke ta? An hana ta tuwo? Shekara biyu tana ci tana sha a gidan nan, don an ce ta nemo abu sai ya zama zalunci?"

Ran Talata fasasshiyar kwalba ta yanke ta a tafin hannu. Ta yagi bakin zane ta ɗaure, ta ci gaba. A ranar ne kuma Hajiya ta sa aka kwaso 'yan kayan Adama daga ɗakin Tani aka kai ɗakinta.

"Gara ta fara sabawa," in ji ta.

Da na shiga ɗakin Tani da ruwan zafi da gishiri don in wanke mata ciwon, na tarar tuwon jiya da na shekaranjiya suna rufe ba ta taɓa ba. Ta ɗaga hannu, zanenta ya zame, sai na ga wani baƙin zare ɗaure a cikinta.

"Wannan fa?"

Ta yi sauri ta rufe. "Awo nike. An ce wanda aka ja wa Yasin cikinsa ke kumbura. In zaren ya fara matse ni zan sani."

"Ai ba a ja ba tukuna. Kuma ba ki ɗauki komi ba."

"Na share, Rekiya. Da hannuna na share. Wa ya san ko Allah zai lissafa shi a ɗauka?" Ta kama hannuna, nata zafi rau. "An ce abin yana bin jini. In ya bar ni ya faɗa kan Adama fa?"

Na fito na goya Aishatu, na ɗaure majanyi har sai da ta yi ƙara. Mijina ma duk sati yana bin hanyar da ta ci Ummaru, shi ke raka motar Alhaji. Duk lokacin da na dubi Tani a kan jujin nan, kaina nake gani, da Aishatu a gefe riƙe da yagaggen faifai.

Laraba ranar awon jarirai ce. A asibiti akwai Lai'atu, matar Tomas, ita ke ɗora yara a sikeli. Mun saba, tana kirana Maman Aisha. Da ta ɗora Aishatu sai ta sunkuyo kamar tana duba lambar sikelin.

"Yaya matar nan?"

"Hannunta ya kumbura. Ba ta cin abinci."

Ta waiga hagu da dama. "Maigidana ba ya barci. Ya ce tun ranar da aka fara kunna na'urar nan, a 640 take tsayawa. Tun kafin matar nan ta taɓa shiga ɗakin."

Na ce, "To mi ya hana shi faɗa?"

"Ya faɗa wa wa? Alhaji ya rantse a Kano ya ga ta ƙirga har dubu. In maigidana ya ce ba haka ba, ya ƙaryata shi. In kuma ba ita ba ce, wa ya rage? Mu baƙi ne a garin nan, Maman Aisha, da yara uku. Kuma shi bugawa kawai ya iya, bai san dalili ba."

"Wa ya san dalili?"

Ta ce akwai Malam Gidiyon, ɗan cocinsu, mai koyar da lissafi a sakandare, ya koyi aikin irin waɗannan na'urori a Zariya. Sai dai ya yi tafiya, ba zai dawo ba sai Asabar.

Asabar. Kwana ɗaya tak bayan wa'adi.

Na roƙi mijina har da hawaye ya nemo mana kwana ɗayan nan. Ya je, ya dawo kansa a ƙasa. Alhaji ya ce ya yarda Malam Gidiyon ya zo ya ga ko za a iya sayo waɗanda suka ɓata a mayar, amma maganar Juma'a ba ta tashi ba, an riga an gaya wa malamai. Na je na gaya wa Tani abin da Lai'atu ta ce, na ce ta daure. Ta dube ni da idanun da suka faɗa ciki.

"In da gaske ne, da Tomas ya faɗa," ta ce, ta ɗauki rariyarta.

Ran Juma'a da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka ɗora tukunyar abincin malamai. Tani ta tsaya tana kallon tabarmin nan. Adama ta fito daga ɗakin Hajiya da gudu ta rungume ƙafarta. Tani ta dubi cikin yarinyar, ɗan tumbin nan na yara da ke fitowa bayan sun sha koko. Sai ta ɓamɓare ta, ta tafi bakin zaure ta zube.

"Alhaji, kada a ja. Don Allah kada a ja. Ni ce."

"Ke ce mi?"

"Ni na ɗauka. Na zubar. A yi mani duk abin da za a yi, amma kada a ja."

Na yi ihu, "Tani, ƙarya kike wa kanki!" Hajiya ta daka mani tsawa, mijina ya ja ni ɗaki.

Alhaji ya aika aka ba malamai haƙuri. Kafin a tafi masallaci an ɗaure wa Tani kayanta a zane ɗaya, an sa ta a motar Kurfi. Hajiya ta rufe Adama a ɗaki. Kukan yarinyar nan har yanzu ina jinsa. Ba kuka take da hawaye ba, suna ɗaya take kira tana dukan ƙyaure da tafin hannu, har muryarta ta dushe.

Malam Gidiyon ya zo ran Asabar da safe a kan keke, da 'yar jakar kayan aiki. Na ɗauki ruwan sha na kai bakin ƙofa, na ƙi komawa. Na raɓe a bayan ƙyaure inda nake ganinsu ta tsaga.

Ya juya na'urar, ya nuna wata 'yar takarda da aka liƙa a kan ƙusar baya.

"Alhaji, ka ga wannan? Hatimin masu ƙera ta ne. Ba a buɗe ta sai an yaga shi. Ga shi nan lafiya lau. Ni ne zan fara yagawa, in ka yarda."

Alhaji ya ce a buɗe. Malamin ya kwance, ya ɗaga murfin, ya nuna wasu baƙaƙen abubuwa a jere kamar ƙwaro masu ƙafafu. Ya bi su da bakin biro layi-layi.

"Ga ƙwaƙwalwar. Ba gurbi ko ɗaya da ba kowa. Dubu da ashirin da huɗun nan duk suna ciki."

"To don mi take cewa ɗari shida da arba'in?"

"Alhaji, ka ɗauka kasuwa ce mai rumfa dubu da ashirin da huɗu, ko wace rumfa da lambarta. Abin da ke tuƙa na'urar, wanda ake sa mata a faifai, Dos sunansa, shi ne kamar sarkin kasuwa, ba ya zuwa rumfa sai da lamba. To tun wajen ƙira, an ɗebe lambobin ƙarshe, ɗari uku da tamanin da huɗu, an ba wasu ma'aikata. Wasu na gilashin nan ne da ke nuna maka rubutu, wasu na abin da ke tada na'urar in an kunna. Rumfunan suna nan a gine, amma lambarsu tana hannun wasu, shi ya sa sarkin kasuwa ba ya iya kai kaya can. Ɗari shida da arba'in aka bar masa. Ka je Kaduna, ka je Ikko, duk irin wannan haka take."

"Wato ba a cuce ni ba?"

"Ba wanda ya cuce ka." Ya dafa tebur, teburin ya yi gefe. Ya leƙa ƙasa ya yi murmushi. "Abin da ya ɓata a ɗakin nan ɗaya ne, ƙusar ƙafar teburin nan. A samo kafinta."

Alhaji ya yi dariya har da tafi. "Alhamdu lillahi! Tomas, kawo wa Malam lemo. Bari in ga mutumin Katsinan nan, shi ne bai san komi ba!"

Malam Gidiyon yana mayar da murfi ya ce, "An ce mani akwai wadda ake zargi."

Tomas ya tsaya da kwalba a hannu.

"Wannan maganar gida ce, Malam," in ji Alhaji. "Sha lemonka."

Na jira har azahar, ba wanda ya ce a je Rawayau. Na je wajen Hajiya.

"Hajiya, wa za a aika ya taho da Tani?"

"A taho da ita a yi mi? Ita da bakinta ta amsa, kowa ya ji. In ba ta da wani abu a ranta, mi ya sa ta amsa?"

"Tsoro ne, Hajiya."

"To sai Alhaji, da girmansa, ya tafi ƙauye ya durƙusa wa matar ƙaninsa? Yarinya tana gidan ubanta, uwa tana gidan ubanta. Kowa ya koma inda ya dace."

Mijina ya ce in ba shi lokaci, zai samu ranar da Yaya ke cikin fara'a. Adama kuwa ta daina kira. Tana zaune a bakin juji da faifanta, ba ta ci, ba ta magana.

Ran Lahadi na aika wa Lai'atu saƙo. Ran Litinin da safe na ce zan kai Aishatu asibiti, jikinta da ɗumi, kuma zan tafi da Adama a duba ta tun da ba ta ci. Hajiya ta ce in je. A ƙofar asibiti Lai'atu ta miƙo mani takarda a ninke. Malam Gidiyon ne ya rubuta da Hausa cewa shi ya fara buɗe na'urar, bai tarar da komi ya ɓata ba, ya sa hannu. A ƙasa akwai hannu na biyu, rubutun duk ya karkace. Na Tomas ne.

Ban taɓa shiga mota ba tare da iznin mijina ba sai ran nan. Aishatu a baya, Adama a cinya, duk motar da ta biyo mu sai in ga kamar ta Alhaji ce. Daga Kurfi muka samu a-kori-kura mai ɗaukar taki ta sauke mu a Rawayau.

Tani tana kwance a rumfar mahaifiyarta, hannun an shafe shi da magani an naɗe da ganye. Adama ta zame daga hannuna. Ba ta yi gudu ba, a hankali ta je ta kwanta a jikin uwarta ta cusa kai a hammatarta. Tani ta daɗe ba ta motsa ba, sannan ta dube ni.

"An samu?"

"Ba abin da ya ɓata, Tani. Suna ciki tun ranar farko."

"To ɗan ƙarfen da na share?"

"Ƙusar tebur ce."

Ta buɗe baki kamar za ta yi dariya, sai wani sauti ya fito wanda ba dariya ba. Na ɗaga bakin zanenta. Zaren na nan, ya yi sako-sako har yatsu uku na shiga. Na sa haƙori na tsinke shi.

Na ba mahaifinta takardar, na ce ya adana ta a inda ruwa ba ya taɓawa.

"Za su zo su karɓi Adama," in ji Tani.

Na ce, "In sun zo, sai Baba ya ce a tafi gaban alƙali, a karanta wannan, Alhaji ya faɗi dalilin da ya sa ya raba uwa da ɗiyarta. Ki ga in zai so a ji."

Ba su je ba. Alhaji ya fi tsoron a sake yi masa dariya fiye da son riƙe ɗiyar ƙaninsa. Ni kuwa da na dawo, sati uku ba wanda ya amsa gaisuwata a gidan, kuma Hajiya ta ce tun da ni na fitar da mai shara, sai in gaje ta.

Na'ura dai an ba ta uzuri a zama ɗaya. An ce haka aka ƙera ta, kowa ya gyaɗa kai, aka sha lemo. Tani ta kwana bakwai a kan juji, yatsunta biyu har yau ba sa lanƙwasuwa, kuma ba wanda ya taɓa cewa an yi kuskure. A gidanmu ba a ambatar sunanta.

Yanzu ni ke sharar ɗakin jikin zaure. Wani lokaci Tomas kan kunna na'urar ina ciki, in ga lambobin suna gudu su tsaya a 640, ba wanda ke ɗaga kai. Mijina kuma har yanzu yana bin hanyar nan duk sati.

Duk abin da tsintsiyata ta taɓa a ɗakin, ƙura ce ko guntun takarda ko gawar ƙuda, ba na kai shi juji. A gwangwanin madara nake zubawa, in rufe, in tura ƙarƙashin gadona, daidai inda Aishatu ke kwana. Na cika biyu. Ina cikin na uku.